Yadda Za Ka Jira Fitowar Sunanka Ba Tare da Jiran Ya Cinye Ka Ba

Ƙarfe biyu da kwata na dare, a ɗakina da ke Tudun Wada. Babu wuta, sanyin hunturu yana shigowa ta ƙasan ƙofa, ni kuma ina kwance rigingine da waya a saman fuska ina sake buɗe shafin jami'a. Wata Laraba na ce bari in ƙirga sau nawa nake buɗe shi a yini, da na kai 43 sai kunyar kaina ta kama ni na daina ƙirgen. Na san sarai babu ma'aikacin da zai farka da tsakar dare ya ɗora jerin sunayen waɗanda aka ɗauka. Sanin bai hana yatsana latsawa ba.

A Disambar 2023 ke nan. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da kemistiri a wata sakandare mai zaman kanta a Unguwan Rimi, kuma tun cikin damina na cike fom ɗin digiri na biyu a wata jami'a a nan Arewa. Sunaye suka fito a ƙarshen Janairu, nawa babu. Shekara ta zagayo na sake nema, na sake zaman jira kusan daidai da na farko. Amma jiran farko ya ramar da ni har sai da na kai bel ɗina wajen mai gyaran takalmi ya ƙara masa huda, na biyu kuwa na yi shi ina cin tuwona ina barcina. Abin da na canza a tsakani shi zan faɗa maka. In ke ce kike karantawa, da ke nake, bakina ne kawai ya saba da "ka".

Fara da sanin inda takardarka take

Mafi yawan fargabar da na yi a karon farko jahilci ne ya haife ta. A zatona akwai wani mutum guda a wani ofis da ya buɗe fayil ɗina, ya duba, ya taɓe baki, ya ajiye. Duk ranar da ta wuce shiru sai in fassara ta da cewa an ƙi ni. Sai da na zauna da wani tsohon malamina da ya yi ritaya, a ƙofar gidansa a Malali bayan la'asar, ya warware min yadda abin ke tafiya.

Ya ce, "Ɗana, fom ɗinka ba mutum ɗaya ke yanke masa hukunci ba." Daga ofishin karatun gaba da digiri na farko ake tura takardu zuwa sashen da ka nema. Kwamitin sashen ya zauna ya tace, a wasu wuraren ma sai an yi jarrabawa ko ganawa. Daga nan sunaye su haura tsangaya, su koma makarantar manyan digirori, ita ma hukumarta ta zauna ta amince kafin a ɗora a intanet. Kowane mataki zama ne na mutane masu aji da za su shiga, da takardun jarrabawa da za su duba, da tafiye-tafiye, da rasuwa da suna kamar kowa. Zama ɗaya ya ɗage, komai ya ja da baya da mako biyu ko uku. Kuma sashe ɗaya da bai miƙa nasa ba yana iya riƙe jerin jami'a gaba ɗaya.

Sannan ya faɗa min abin da ya fi kwantar min da hankali. Digiri na biyu ba kamar na farko ba ne da za a cika ɗakin lacca a yi ta magana da lasifika. Kowane ɗalibi sai an ba shi malamin da zai duba kundin bincikensa, kuma malami ɗaya akwai iyakar ɗaliban da zai iya ɗauka. In sashe yana da malamai ƙalilan a ɓangaren da ka zaɓa, kuma tsofaffin ɗalibansu ba su gama ba, to ko sakamakonka ya kai yaya gurbin kaɗan ne. Ni da na yi wata biyar ina tuhumar kaina kan wani darasin aji uku da na samu maki kaɗan a cikinsa, ashe wataƙila ko kallonsa ba a yi ba.

Don haka ka nemo kalandar wurin da ka nema, ta gaskiya, ba wadda zuciyarka ta tsara ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mutum biyu ko uku da suka shiga bara da bara waccan: wane wata suka cike fom, wane wata sunaye suka fito? Ɗauki wanda ya fi daɗewa a cikinsu ka ƙara masa wata guda. Kafin wannan ranar, shiru ba labari ba ne. A ƙasar nan ma akwai abin da yake rusa kowace kalanda. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma bayansa jami'o'i da yawa sun daɗe suna gyara zangon karatunsu.

Masu neman karatu a ƙasashen waje su kam sun fi mu samun sauƙi ta wannan fuskar, don lokutansu sanannu ne. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ana buɗe shi wajen Agusta, a rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba, a yi ganawa da waɗanda aka tace wajen Maris da Afrilu, sakamako kuma sai Yuni. Jami'o'in Amurka galibi suna rufe karɓa a Disamba ko Janairu, amsoshi su yi ta fitowa a Fabrairu da Maris, kuma da yawansu sun yi yarjejeniyar ba ɗalibin da aka yi wa tayin tallafi damar yin shawara har zuwa 15 ga Afrilu. Na san wani abokina da ya nemi Chevening ya fara rashin barci tun Disamba. Watan da babu ma wanda aka ce zai ji komai a cikinsa.

Gama naka aikin a zama ɗaya

Samu littafin rubutu, irin mai ganye arba'in na 'yan firamare ya isa. Buɗe shi biyu. A hagu rubuta abin da ke hannunka, a dama rubuta abin da ba ya hannunka. Kada ka yi wannan a waya, don wayar ita ce gidan ciwon.

Na hagu ba su da yawa, amma su ne ke kayar da mutane. Babbansu takardar cikakken sakamakonka, wato tiransikirif, wadda tsohuwar jami'arka ce za ta aika wa sabuwar. Biyan kuɗinta ba shi ne isarta ba. Je ka ko ka aika wanda ka yarda da shi ya tabbatar ta bar can, sannan ka tabbatar ta iso nan an saka ta a fayil ɗinka, ka riƙe rasit da lambar aikawa. A karona na farko tawa ta yi makonni a kan teburin wani ofis saboda an rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya da ya bambanta da na sauran takarduna. Ina Tudun Wada ina latsa waya sau arba'in, alhali aikin da ya kamata in yi tafiyar yini ɗaya ce daga tashar Kawo.

Sai takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon WAEC ko NECO, da wasiƙun malaman da suka tsaya maka. Kira su cikin ladabi ka ji ko sun aika, sau ɗaya, ba kullum ba. Duba lambar waya da adireshin imel da ka rubuta a fom. In a shagon intanet aka cike maka, to duba da kyau, don yaran shagon sukan saka nasu imel ɗin saboda sauri, wasiƙarka ta je ta kwanta a akwatin wani. Buɗe akwatin da imel ke jefa wasiƙun banza ka leƙa, saƙon jami'a yakan faɗa ciki.

In ka gama kowanne ka ja masa layi, ka rubuta kwanan wata. Amfanin wannan sai cikin dare. Lokacin da zuciya ta ce maka "anya ka ɗora hoton takardar haihuwa kuwa?", ba sai ka kunna data ba, littafin yana gefen katifa, ka haska shi ka ga layin da ka ja da hannunka ranar kaza. Shafin dama kuwa, yawan masu nema, da ranar zaman kwamiti, da ra'ayin farfesa wane, rubuta su ka rufe. Rubutawar kanta tana rage musu nauyi.

Litinin da Alhamis

Wannan ne abin da ya fi yi min aiki, kuma shi ya fi wuya. Na yanke wa kaina ranakun duba shafin jami'a: Litinin da Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan na tashi daga makaranta na yi la'asar. Minti goma. In babu komai na rufe, sai wata ranar.

Ga dalilin da ya sa dubawa barkatai ke ƙara ciwon maimakon ta rage shi. Gabanka ya faɗi, ka buɗe shafin, ka ga babu labari mara daɗi, ka ɗan ji sanyi na minti biyar. Ƙwaƙwalwa ta koyi cewa maganin faɗuwar gaba shi ne latsawa. Gobe sai ta aiko maka da faɗuwar gaban da wuri don ka latsa. Kamar susar ƙaiƙayi ne, daɗi a lokacin, gyambo daga baya. Hanyar karya shi kuwa ita ce ka ji ƙaiƙayin ka ƙi susa, ka zauna da shi. Yakan taso ya yi ƙarfi, sannan ya sauka da kansa, ba ya dawwama. Kwana uku na farko na sha wuya, har sai da na riƙa ba ƙanena wayar bayan isha'i in ce kada ya ba ni sai da asuba ko da na roƙe shi. Na roƙe shi kuwa, ya hana, muka yi 'yar hayaniya. Bayan mako biyu na daina neman ta.

Akwai gyara guda. In abin da ka nema yana da ganawa ko jarrabawar tantancewa, gayyatar takan zo da ƙurarren lokaci, don haka kada dokarka ta sa ka rasa ta. Bar saƙon imel da na tes a kunne su sanar da kai da kansu, ka leƙa imel sau ɗaya kullum da rana. Abin da na hana kaina shi ne zuwa nema, ban toshe ƙofar shigowar labari ba.

Zauren WhatsApp na masu jiran gurbi kuma, Allah Ya sani na tsane shi, amma ban fita ba. Yana da amfani ɗaya: ranar da sunaye suka fito za ka ji. Sauran duk hayaƙi ne. Wani ya ce ƙanin matar yayansa yana aiki a ofishin, ya ce Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, wani ya ce ai an fitar a ɓoye an ba 'ya'yan manya. Mutum ɗari biyu masu fargaba a ɗaki ɗaya, kowa yana hura wa ɗan'uwansa wuta. Rufe masa murya, tura shi can ƙasa inda ba za ka gan shi ba, ka buɗe shi a ranakunka biyu kawai. Ko ka nemi mutum ɗaya mai hankali a ciki ku yi alkawari, duk wanda ya ga sanarwa ta gaskiya a shafin jami'a ya kira ɗaya.

A irin waɗannan zauruka ne 'yan damfara ke kiwo. Za a bi ka ta bayan fage a ce ana iya saka sunanka, ko a ce an ga sunanka amma akwai 'yar matsala da kuɗi kaɗan zai gyara. Mai fargaba ya fi kowa saurin tura kuɗi, sun san haka. Kuɗin jami'a ana biyansa ne ta hanyar da jami'ar ta bayyana a shafinta, jami'o'in tarayya galibi ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet, da rasit mai ɗauke da sunanta. Duk wanda ya ba ka lambar asusun kansa, ka san abin da yake. Wata abokiyar aikina ta tura albashinta na rabin wata, sunanta kuma ya fito cikin jerin farko, da ma zai fito. Mutumin har kiranta ya yi yana neman cikon alkawari.

Jikin ma yana jira

Fargaba ba a kai kaɗai take zama ba. In ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaske ko na zato, jiki yakan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, ciki ya ɗaure, barci ya gudu. An yi wannan ne don ka tsere wa kura. Matsalar ita ce kurar tamu ba ta zuwa kuma ba ta tafiya, wata biyar tana tsaye a bakin ƙofa.

Na farko da na gyara shayi ne. Akwai mai shayi a bakin layinmu da muke zama wajensa har sha ɗayan dare, kofi biyu mai kauri, wani lokaci da Nescafé a ciki, ga goro ina taunawa da rana a ɗakin malamai. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro da lemon ƙara kuzari yakan yi sa'o'i da yawa a jini, kuma abin da yake yi wa jiki, bugun zuciya da rawar hannu, shi ne dai abin da fargaba ke yi. Sai ka kasa bambance wanne ne wanne. Ban daina zuwa wajen mai shayi ba, hira ce ke kai ni, amma bayan la'asar na koma shan na citta da kanumfari ba ganye.

Na biyu tafiya. Bayan sallar asuba, maimakon in koma katifa da waya, sai in taka. Ran Asabar nakan hau Keke zuwa Murtala Square in shiga cikin masu zagaye, dattawa da 'yan ƙwallo da mata cikin hijabi da takalmin gudu, in yi minti arba'in. Wata rana in sauka Gamji in zauna bakin kogin Kaduna ina kallon ruwa. Ba wani sirri a ciki, jikin da ya gaji da rana ya fi saurin barci da dare. Ke da fita da sassafe ba ta yi miki ba, tsakar gida ma fili ne, ko ki nemi ƙawa ku riƙa takawa da yamma.

In abin ya taso maka farat ɗaya, ƙirji ya ɗaure kana jin kamar numfashi zai ƙare, zauna. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta ta baki a hankali kana ƙirga shida ko bakwai. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan ne maganin yake, don ita ke rage gudun zuciya. Yi haka minti uku. Na yi shi a gaban allo, ɗalibai suna kwafar rubutu, babu wanda ya lura.

Kuma don Allah kada ka nemi barci a kemis. Na san yadda ake yi, a ce ba ni ƙwayar barci guda biyu, ko wani aboki ya miƙo maka kwalba. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa samarin garin nan, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Jiran wata biyar bai kai ka ɗauko abin da za ka yi shekara biyar kana neman ajiyewa ba.

"Yaya maganar karatun?"

Kuskurena na karon farko da na fi jin haushinsa shi ne baki. Ranar da na cike fom na faɗa wa kowa, 'yan majalisarmu, malaman makarantarmu, har mai wankina. Wasu suka fara kirana "mai mastas". Daga nan duk inda na juya tambaya ɗaya ce, kuma kowace tambaya kamar an sake buɗe min shafin jami'ar ne a fuska. Ranar da sunaye suka fito babu nawa, baƙin cikin rashin bai kai nauyin bayanin da zan yi wa mutum hamsin ba.

A karo na biyu mutum uku suka sani: Hajiya, ƙanena, da aboki ɗaya. In ka riga ka faɗa wa duniya kamar yadda na yi, tanadi amsa guda gajera ka riƙa maimaita ta ba tare da ƙari ba. Tawa ita ce, "Ana nan ana jira, a taya mu da addu'a." Ba wanda zai ja da wannan. Kawuna na Rigasa, wanda ya sani tun karon farko kuma ba ya gajiya da tambaya, na ce masa, "Kawu, in ya fito kai ne na farkon ji, ko kana barci zan tashe ka." Ya yi dariya, bai ƙara tambaya ba.

Hajiya kuwa daban ce. Ba ta yi boko ba, ba ta san bambancin sashe da tsangaya ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Wata rana da daddare ta ajiye min tuwo ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗana, wannan takardar in ba ta zo ba, za a kore ka daga aikin ne?" Na ce a'a. "Za a karɓe maka wancan digirin?" Na ce a'a. Ta ce, "To ci tuwonka." Ban ji daɗin maganar a ranar ba, na ga kamar ta raina abin da nake nema. Daga baya na gane tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko ce ta yi min.

Zauna ka amsa ta a rubuce, a littafin nan naka. In sunana bai fito ba, me zan yi a makon farko, me zan yi a watan farko? Zullumi yana son duhu, in ka ce "in ban samu ba na shiga uku" ka tsaya nan, sai abin ya zama rami marar ƙasa. In ka rubuta, sai ka ga ƙasan. Mu a Kaduna ba mu da uzurin rataya rai a ƙofa ɗaya. Ga Jami'ar Jihar Kaduna a cikin gari, ga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, da take karɓar farar hula a karatun manyan digirori, ga ABU a Zariya tafiyar da ba ta kai ta yini ba, ga Bayero a Kano, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda aiki ba zai bar shi ya zauna a aji ba. Lokutan sayar da fom ɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda makinsa na digirin farko bai kai ba, akwai babbar difiloma da ake bi a haura. Yawancin jami'o'i kuma sukan fitar da jeri na biyu, wani lokaci har na uku, don haka rashin suna a na farko ba rufe ƙofa ba ne.

Kada kuma ka dakatar da rayuwa. A jiran farko na ƙi karɓar darasin gida da aka ba ni a Unguwan Sarki, wai kada karatu ya zo in bar yaran a tsakiya. Na ƙi shiga adashi. Na zama malamin da ya ƙi noma don zakka. A na biyu na karɓi darasin, na shiga adashin malamai, na ce in gurbi ya fito kuɗin rajista ne, in bai fito ba kuɗin wani fom ne da canji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai fargaba ta biyu da ke ɓoye a bayan ta farko: in an ɗauke ni, ina kuɗin? Jami'a takan ba da 'yan makonni ne kawai a biya kuɗin karɓar gurbi da na rajista, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ran Asabar bayan zagaye nakan wuce ɗakin karatu na jiha in karanta abin da ya shafi binciken da nake son yi, kan ruwan rijiyoyin unguwanninmu. Masu tarihi da siyasa su suna da Arewa House a kan titin Rabah, gidan Sardauna, ga kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Awa biyu a kan takarda ta fi awa biyu a kan shafin da bai canza ba, kuma in an kira ka ganawa za ka ga ranarta.

Addu'a ban bar ta a baya don ƙanƙanta ba. Na dai lura a karon farko addu'ata ma ta zama wani nau'in latsa waya, ina sallame sallah ina duba ko an amsa. Hadisin nan da Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, shafin hagu da shafin dama ne na littafina. Na riƙe addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki safe da yamma, na yi istihara, na bar roƙon "wannan jami'ar, bana" na koma roƙon abin da ya fi alheri. Abokin aikina Kirista daga Sabon Tasha, wanda muka yi jiran tare, shi ma haka ya ce min yake yi a nasa salon.

Amma akwai inda shayi da tafiya da littafi ba sa isa, kuma faɗin haka ba raunin imani ba ne. In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, aiki ya gagara, ko bugun zuciya da toshewar numfashi suna ta dawowa, je ka ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, masu damuwa da rashin barci suna zuwa da ƙafarsu su koma gida a ranar. In zuwa can ya yi maka nauyi, fara da likitan kowane babban asibiti, a duba hawan jini da sauransu. In kuwa tunanin cutar da kanka ko na barin duniya ya fara zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Faɗa wa wani a gida a daren, a tafi asibiti.

Ranar da ba ka ga sunanka ba, in ta zo, ba ka bin kowa bashin jarumta. Ni na rufe ɗaki na yini ɗaya, ban je majalisa ba na kwana uku. Bayan mako guda na shirya na je sashen, na gaida sakatare cikin girmamawa, na tambaya ko akwai abin da zan gyara. A nan na ji labarin harafin nan guda na sunan mahaifina. Na je kotu na yi takardar rantsuwa, na ajiye kwafi biyar.

Jerin shekara ta biyun ya fito ne ran Juma'a da yamma. Ban sani ba, ina gidan suna a Kabala, abokin da muka yi alkawari kuma wayarsa ta faɗa ruwa a makon. Sai Litinin ƙarfe huɗu da rabi, ina zaune kan benci a ɗakin malamai da jan biro a hannu, na buɗe na ga sunana na goma sha bakwai. Kwana uku yana nan yana jirana. Na kira Kawu na Rigasa tukuna, saboda alkawari. Sannan na hau Keke zuwa wani shago kusa da Kasuwar Barci don a buga min takardar, muna shiga aka ɗauke wuta, yaron ya ce sai ya sayo fetur. Na zauna a kan kujerar roba na jira shi.